Bindigarka ta farko: amsar da na ba ƙanena a fada

Daren jiya a fadarmu ta nan Tawa, shayi na biyu ke bisa gawayi, wani yaro da nake kira ƙanena duk da ba uwa ɗaya uba ɗaya muke ba ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce yaya, don Allah in mutum zai sayi bindigarshi ta farko wace ta fi, kalash ko irin ta Amurkawa da muke gani a bidiyo? Na dube shi na yi dariya, amma ba dariyar raini ba, don ni ma sadda nake shekarunshi haka nake, in na ga soja ya wuce da ita rataye sai in ji duk duniya ba abin da ya kai wannan ƙarfen kyau. To amsar da na ba shi ta yi tsawo har shayi na uku ya huce, shi ya sa na ce bari in rubuta ta gaba ɗaya, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya a rai ba.

Na farko dai mu gama da zancen kalash, don in ba mu kashe wannan magana ba sauran duk ɓata baki ne. Waɗancan bidiyoyin da kuke kallo na Bature ya shiga kanti ya zaɓi bindiga kamar mai zaɓen takalmi, a Amurka anka ɗauke su, ƙasar da riƙe makami ke rubuce cikin kundin tsarin mulkinta tun 1791. Dokarsu ce, ƙasarsu ce. Nan Nijar makamin yaƙi na soja ne da jandarma da ɗan sanda da gardi, farar hula ba shi da wata ƙofa ta halal da zai bi ya mallaki kalash, ba kanti, ba takarda, ba wani babba da zai sa maka hannu. Duk wanda ya ce maka yana da hanya to hanyar gidan kaso yake nuna maka, kuma a wannan lokaci da muke ciki in anka kama ka da ita ba tambayar farauta za a yi maka ba, tambayar da za a fara ita ce su wa kake ma aiki. Ka tuna a 2017 anka sa wasu sassan jihar nan, wajen Tiliya da Tasara, cikin dokar ta-ɓaci. Kuma kowa ya san tun da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 makaman Libiya sunka watsu cikin Sahara, mun ga abin da sunka jawo ma ƙauyukanmu da kasuwanninmu da masu dabbobi. Ita wadda za a kawo maka cikin buhu ba ka san hannu nawa ta bi ba, ba ka san gawa nawa ke bayanta ba, ranar da anka duba lambarta duk abin da anka aikata da ita kai ne mai amsa.

Kai ko da a ce doka ta yarda, ba abin farauta ba ce. Mikhail Kalashnikov ya ƙera ta ne don fagen daga, 47 ɗin da ke sunanta shekarar 1947 ce, gidan harsashinta 30 yake ci, harsashinta in ya kuskure abin da anka nufa yana iya wuce kilometir 2 kafin ya faɗi. To ka duba dajinmu na Adar, ina za ka tsaya ka ce kilometir biyu gabanka ba rugar Fulani, ba mai ice, ba yaro mai kiwon awaki? Zabo kuwa in ka same shi da wannan harsashi sai dai ka tsinci gashi. Dokar farauta ma, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, ta hana farauta da makamin yaƙi da harsashinshi. In kuma akwai wata tsohuwa da ka gada ko ka tsinta tana ɓoye cikin rumbu, akwai hukumar tattara makaman da ba na ƙa'ida ba, CNCCAI, tun 1994 take, ka je ta hannun mai gari ko jandarma ka miƙa ta da kanka, ya fi a zo a tono ta. Manyanmu sun tuna makaman da anka tara anka ƙone a Agadas a watan Satumba na 2000 bayan sulhun tawaye.

To yanzu ga abin da za ka iya saye, kuma shi ne ni nake riƙe da shi shekara da shekaru: bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin darma, wadda muke ce ma kalibar duz, wato 12.

Amma kada ka fara da kanti. Wannan shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi, mutum ya ga bindiga ta burge shi ya biya, sannan ya fara yawon neman takarda, alhali duk kwanakin nan da take ɗakinshi ba izini laifi yake ciki. Takarda ke gaba, ƙarfe na biye. Kuma takardun iri biyu ne, mutane na haɗa su. Akwai izinin mallakar bindigar kanta, wannan hurumin ma'aikatar cikin gida ne, daga nan jiha ka fara ta ofishin parfe ko na gwamna su za su gwada maka inda dosiye, wato tarin takardun neman izinin, ke bi har Yamai. Sannan akwai permin farauta, wato takardar izinin yin farautar, wannan na ma'aikatan daji ne, masu koren kaya. Samun na farko bai ba ka damar harbin ko kurciya ɗaya ba sai ka riƙe na biyu. Kafin ka tahi ka tanadi abubuwan da ba a rasa tambaya a irin wannan dosiye, takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, kasiye daga kotu wanda ke nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, hotuna, da wasiƙar buƙata da tambur. Shi kasiye wata 3 ne ranshi, saboda haka kada ka fara cire shi sannan ka zauna jiran sauran, ni haka ta faru da ni sai da na cire sau biyu. Za a yi binciken halinka, ana iya zuwa unguwa a tambayi maƙwabta da mai unguwa, in kai mai saurin hannu ne da kowa ya san ka da faɗa a gidan biki to ka san amsar tun yanzu. Abin yana ɗaukar lokaci, ka yi haƙuri, kuma kada ka yarda da ɗan tsakani da zai ce ba shi jikka kaza ya fiddo maka cikin kwana uku, takardar jabu ta fi rashin takarda muni.

Cikin wannan jira ne za ka yi karatun da ya kamata. Ka nemi tsohon maharbi ka riƙa bin shi daji kana riƙe mishi jaka da gora. Ni kawuna na bi, Allah ya jiƙan shi, rani biyu ina bin shi bai bari na taɓa kunamar bindiga ba, in na yi ƙorafi sai ya ce kai dai duba ƙafata. Daga baya na gane abin da yake koya min, yadda ake tsallake kwari da bindiga, inda bakinta ke kallo in ana tahiya a jere, yaushe ake ɗura ta yaushe ake karya ta.

Yanzu lambar nan 12 mi take nufi? Mutane da yawa na zaton milimetir 12 ne, a'a. Tsohon lissafin Turawa ne, in ka raba darma mai nauyin laba ɗaya gida 12 ka mulmula kowane kashi, to faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin ramin bindigar, wajen milimetir 18 da rabi. Shi ya sa lissafin ke tahiya a juye, 16 ta fi 12 ƙanƙanta, 20 ta fi 16 ƙanƙanta. Ita 20 tana da daɗin ɗauka kuma ba ta dukan kafaɗa sosai, amma ni shawarata ka tsaya kan 12 saboda dalili ɗaya tak, harsashinta ne ka fi samu. Bindigar da ba ka samun abincinta sanda ce mai tsada. Na san wani da ya gaji 16 mai kyau ƙwarai, kullum yana cikin roƙon matafiya su dubo mishi kartush, wato harsashinta.

Sai siffa. Akwai mai baki ɗaya da ake karyawa a sa harsashi ɗaya, akwai mai baki biyu, ko jere gefe da gefe ko ɗaya bisa ɗaya, sannan akwai mai famfo da mai ɗura kanta. Waɗannan biyun na ƙarshe ka manta da su yanzu, ƙurar hunturu tana shiga cikinsu su riƙa cijewa, gyaransu sai gwani, kuma sabon hannu bai iya sanin ko saura harsashi ciki ko babu, nan hatsari yake kwana. Mai karyawa kuwa in ka karya ta kowa na ganin ramin da idonshi, ba gardama. In ka tambaye ni, kuma ka tambaye ni, mai baki ɗaya ita ce ta farko. Samari ba su son jin haka, suna ganin ta tsoffi ce. Amma wanda ya san harbi ɗaya gare shi yana natsuwa, yana matsawa kusa, yana jiran tsuntsu ya ba shi gefe, wanda ke da biyu kuwa na farkon yakan zubar da shi a banza don ya san akwai na baya. Ga araha, ga sauƙin nauyi, ga ba abin lalacewa da yawa cikinta.

Sunayen da za ka ji a bakin maharba ba su da yawa. Baikal ta Rasha, daga garin Ijefsk, ba ta da ado ko kaɗan, katakonta kamar na turmi, amma kamar jaki take wajen ɗaukar wahala, ta sha ƙura ta sha rana ta ci gaba da aiki. Sai tsoffin na Faransa daga Santetiyen, Simplex mai baki ɗaya da Robust mai baki biyu na kamfanin Manufrance, waɗanda sunka cika ƙasashen nan tun zamanin Nasara, har yau za ka iske su hannun dattawa. Ƙira ce mai kyau amma ka tuna tsohon kamfanin ya rufe tun 1985, duk wadda ka gani ta tsufa, dole a dube ta da idon basira. Yanzu kuma na Turkiya sun shigo, akwai masu kyau akwai na banza, kada walƙiyar fenti ta ruɗe ka. Beretta da Browning kuwa sai ka ƙoshi, ba na farawa ba ne.

Ƙirar gida fa, ta maƙera, irin adaka da ake ɗura ma albarushi ta baki? Ina girmama maƙeranmu da maharban gargajiya, su ne tushen abin, sarkin baka ba wasa ba ne a ƙasar Hausa. Amma ban ba sabon shiga shawarar ta ba. Bindigar kamfani kafin ta fito sai an gwada ta da harsashi mai ƙarfin da ya wuce na kullum a buga mata hatimi a ƙarƙashin bututun, ita kuwa ta gida sau da yawa bututun ruwa ne ko sandar sitiyarin mota, ba wanda ya auna ƙarfin da zai iya ɗauka, ranar da ya gaji a hannunka zai fashe. Ka lura da yatsun wasu tsoffin maharba in kuna gaisawa.

To ga ka da izini a hannu, ka je wurin dillali mai lasisi, ko kuma wani mai takarda zai sayar maka da tashi. In ta hannu ce, kafin komai ka haɗa lambar da ke jikin ƙarfen da wadda ke cikin takardarshi, harafi da harafi. In lambar ta goge ko an kankare ta, ko ya ce takardar ta ɓace amma wallahi tashi ce, ka yi mishi sallama cikin mutunci ka tashi. Kuma cinikin ba ya ƙarewa da miƙa kuɗi, sai hukuma ta maida bindigar da sunanka, in ba haka ba kai kana riƙe da ta wani shi kuma sunanshi na kan abin da bai san inda yake ba. Haka gado, bindigar baba ba ta zama taka don an raba gado ta faɗo kasonka, sai ka bi ta ofis.

Nan ne zan daɗe, duba ƙarfen. Ka je da rana, kada ka yarda da duban dare ko na cikin ɗaki mai duhu, kuma ka tahi da wanda ya fi ka sani. Da an miƙo maka ita abin farko ka karya ta ka ga ba komai ciki, ko mai ita ya rantse. Sannan ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa ta baya. Lafiyayye za ka ga yana sheƙi kamar cikin sabon kwano, zoben haske na bin juna daidai. In ka ga ɗigo-ɗigo baƙi kamar zanen ƙyanda tsatsa ce ta ci ƙarfen, kaɗan-kaɗan ana haƙuri da shi, mai zurfi kuwa a'a. Ka shafa bayan bututun da yatsu tun daga gindi har baki a hankali, ido rufe ma ya fi, kana neman kumburi ko lotsawa. Kumburi alama ce an taɓa harba ta da wani abu toshe ciki, wannan ko kyauta anka ba ka kada ka karɓa. Ka rufe ta ka cire katakon gaba, ka riƙe gindin ka girgiza, in ka ji tana ƙwas-ƙwas tsakanin bututu da jiki to ta saki, ta sha harbi ta gaji. Ka ɗaga mahaɗar wajen rana, bai kamata haske ya ratsa ba. In mai baki biyu ce ka cire bututun ka rataye shi da yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa da farce ko ɗan ice, mai lafiya zai yi ƙara kamar ƙararrawa, in ya yi bif kamar fasasshen tulu to haɗin da ke tsakaninsu ya fara rabuwa. Katakon kuma ka duba wuyanshi, daidai inda hannu ke kamawa, nan yake tsagewa, masu wayo suna cikewa da gam su shafa mai. Makullin kunama ka gwada shi tana wofi, ka sa shi ka ja ka ga ya riƙe, sannan ka ɗana ta ka ɗan buga gindin a tabarma, in ta saki da kanta ka ajiye musu abinsu.

Akwai wata lamba da ke buge a jikin bututun da mutane ba su kula da ita kuma tana iya raba mutum da ido, tsawon ɗakin harsashi. Za ka ga 70 ko 76, tsoffi sosai ma 65. Shi kwanson harsashi tsawon da anka rubuta a kwalinshi na bayan ya buɗe ne, saboda haka mai 76 zai shiga ɗakin 70 lafiya lau ka rufe ba ka ji komai ba, sai an harba bakinshi ya rasa wurin buɗewa ƙarfi ya taru. Gajere cikin dogon ɗaki ba laifi, dogo cikin gajere haram. Ka haddace lambar taka kamar lambar salularka. Kuma kada harsashin 20 ya taɓa kwana aljihu ɗaya da na 12, don ƙaramin yana zurmawa cikin bututu ya maƙale, ka ga kamar ba ka ɗura ba ka ƙara na 12 a bayanshi, sauran labarin sai likita.

Sannan ta dace da jikinka. Wannan ba a gane shi da kallo. Ka tsaya, ka zaɓi wani abu can nesa inda ba mutum, ka rufe ido ka ɗaga ta zuwa kafaɗa da kunci, ka buɗe. In idonka ya faɗa daidai bisa layin bututun to taku ta zo ɗaya, in sai ka karkata wuya ko ka miƙe hannu kamar mai ɗibar ruwa a rijiya to ta yi maka tsawo. Ka gwada da irin rigar da za ka shiga daji da ita, ba da babbar rigar Juma'a ba. Ka san kuma idon da ke mulki cikin idanunka, nuna wani abu da yatsa ido biyu buɗe, rufe ɗaya ka buɗe ɗaya, wanda yatsan bai gusa ba shi ne shugaba. Akwai na-dama da idon hagu ke mulkinshi, irinsu sai su shekara suna kuskure suna zagin bindiga. Nauyi wajen kilo 3 ya yi, mai sauƙi sosai daɗin ɗauka gare ta amma tana harbin kafaɗa kamar jaki.

Kuɗin da ka tanada kada ka zuba shi duka kan ƙarfen. Ka bar na takardu, na harsashin koyo, na akwatin ƙarfe mai kwaɗo, sandar goge bututu da mai, da abin toshe kunne. Na san za a yi min dariya kan na ƙarshen, amma kawuna kafin ya rasu sai an yi mishi ihu a kunnen dama yake ji, na hagun ya daɗe da tahiya.

Harsashi shi ma lambarshi a juye take, in lamba ta hau ƙwaya ta ƙanƙance. Lamba 7 da 8 na kurciya da hasbiya, 6 ita ce ta kullum, fakara da zomo, 4 kuwa na zabon daji da agwagin ruwa masu kaurin gashi. In kwali ɗaya za ka iya saye ɗauki 6. Ranar farko kada ka nufi tsuntsu, nemi babban kwali ka kafa shi gaban tudu ko jigawa inda ka tabbata ba kowa baya, ka ja baya taki 30 ka harba tsakiya, ka je ka ga yadda ƙwayoyin sunka bazu, sun taru sama ne ko ƙasa, akwai ramukan da tsuntsu zai bi ya wuce. Ka sake a taki 20 da 40. Nan za ka gane da idonka cewa bayan metir 35 zuwa 40 raunata dabba kawai kake yi ta je ta mutu cikin ƙaya, alhali ƙwayar da ta kasa kashe zabo a can tana iya tsiyaye idon mutum a nesan da ya fi haka sosai.

Bari in ba ka labarin wautata. Wata shekara damina ta wuce ban taɓa bindigar ba, tana jingine bayan ƙofa baki sama, da kaka ta yi abokai sunka biyo min da asuba na sure ta na zuba harsashi a aljihu. Mun isa na karya zan ɗura, sai Allah ya sa na tuna faɗan kawu na leƙa, ban ga haske ba sam. Ashe zanzaro ya shiga ya gina ɗakinshi na laka cikin bututun, ya toshe shi tam. Da na harba a haka da yanzu wani ke ba ku labarina. Tun ranar ko minti biyar na ajiye ta sai na leƙa kafin in ɗura, haka in na yi tuntuɓe bakinta ya taɓa ƙasa.

Sauran ƙa'idodin gajeru ne amma ba a sassauta su. Bakinta ba ya kallon mutum ko wofi take, ko da wasa, akwai hadisi ma da ya hana nuna ɗan uwa da makami don ba ka san inda Shaiɗan zai fizgi hannunka ba. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai lokacin harbi. Ba a harbin motsin ciyawa, sai ka ga dabbar ka ga abin da ke bayanta. In ka ja ba ta tashi ba kada ka yi saurin karyawa, riƙe ta baki ƙasa ka ƙirga 30. Bisa moto ko cikin mota a karye take cikin jakarta, takardu a aljihun gaba, in kun zo shingen jandarma kai za ka fara faɗa musu akwai bindigar farauta ga takardunta, kada ka bari su gano da kansu. Harbin sama a gidan biki kuwa, wannan ba murna ba ce hauka ce.

Gida kuma nan ne tsorona ya fi yawa, don daji awa nawa kake yi, amma gida tana kwana tana tashi da yara. Ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ce, saman kwaba ba maɓoya ba ce, yaro ɗan shekara 7 ya san kowane lungu na ɗakinka fiye da kai. Akwati mai kwaɗo, ba harsashi ciki, harsashin a wani wuri daban shi ma a kulle inda ba zafi ba laima, makulli a jikinka. Ba a aron bindiga, ko ɗan uwanka na ciki ɗaya, takardar sunanka ke kai. Ranar da rai ya ɓace a gida, ko rigimar gona ta taso da makiyaya, wannan akwatin ba ya buɗuwa. In ka san zuciyarka ba ta iya wannan to gara ka sayi tarko da kare.

Permin daji yana da aji, na ƙaramar farauta da matsakaiciya da babba, kuma akwai na gargajiya, kai ƙaramar ta ishe ka. Hukuma ke buɗe lokacin farauta ta rufe, ka tambayi ma'aikatan daji na garinku kafin ka fita don kada ka je lokacin da tsuntsu ke kan ƙwai. Dokar 1998 ɗin nan ta hana farautar dare ko da fitila ko babu, ta hana kora da mota ko moto, ta hana sa ma daji wuta da guba. Gandun W da na Gadabeji da Tarmit ba wurin shiga da bindiga ba ne. Raƙumin dawa na Kure, giwa, jimina, ayu, da mena, barewar nan wadda ƙungiyar ƙwallonmu ta ci sunanta, waɗannan ko a mafarki kada ka ɗaga musu baki. Kuma ka yi bisimilla kafin ka ja, wuƙa mai kaifi na kugu, in ka iske da sauran rai ka yanka, sauran hukuncin ka zauna da malaminku ya warware maka.

In kun dawo, kafin ka zauna cin tuwo, karya ta, tura tsumma ta bi bututun har ya fito fari, ɗan mai kaɗan ciki da waje, kaɗan fa, don mai da yawa da ƙurar hunturu in sun haɗu laka suke zama cikin makama. Shi ƙanen nawa da za mu rabu ya ce jibi zai je kotu neman kasiye na ce a'a, fara da takardar zama ɗan ƙasa, kasiye shi ne na ƙarshe, kuma in lokaci ya buɗe ya zo da gora da takalmi mai kauri ya riƙe min jaka wajen tafkin Tabalak.